Kilomita 42 a Titunan Landan: Abin da Masu Gudun Fanfalaki Ke Haɗuwa da Shi

 

A ƙasarmu, idan aka ga magidanci ya sheƙa a guje a kan titi, abin da za a fara yi shi ne a duba bayansa a ga abin da ya koro shi. In ba a ga kowa ba, sai a shiga yi masa addu'ar samun lafiya. Saboda haka ba laifi ba ne idan mai karatu ya ga hoton dubban mutane a talabijin, maza da mata, tsofaffi da matasa, sun cika titunan birnin Landan suna gudu tun hantsi har la'asar, ya ce wannan kuma wane irin rashin aikin yi ne. Wannan gudu shi ne Turawa ke kira maraton, a Hausa kuma ake ce masa gudun fanfalaki, wasu su ce gudun ya-da-ƙanin-wani. Tsawonsa kilomita 42 da mita 195, kamar a ce mutum ya tashi daga Damagaram ya je Mirriya ya komo, kuma da sauran tafiya a gabansa.

A gudun Landan na shekarar 2025, mutum 56,640 ne suka kai ƙarshe. Waɗanda suka zo neman kyautar kuɗi a cikinsu ba su wuce ƴan gommai ba. Sauran duka malaman makaranta ne, da direbobi, da likitoci, da matan aure, da tsofaffin ma'aikata, kuma akwai Musulmi da yawa a ciki. Ƴaƴanmu da ƙannenmu da ke karatu ko aiki a Turai sun fara shiga irin wannan gudu, suna aiko da hoto gida ɗauke da lambar ƙarfe a wuya, iyaye kuma ba su san ko barka za su yi ko faɗa ba. Ya kamata dai a san abin da mutum ke haɗuwa da shi a wannan hanya kafin a yanke masa hukunci, domin akwai wahala ta gaske a ciki, akwai haɗari, akwai kuma mas'alolin azumi da salla da sutura da ba a tsallake su da gudu.

Asalin sunan daga ƙasar Girka yake. Ana ba da labarin cewa a shekara ta 490 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, wani ɗan aike ya yi gudu daga filin yaƙin Maraton zuwa birnin Atina don ya kai albishir ɗin nasara a kan Farisawa, yana isar da saƙon ya faɗi ya mutu. Masana tarihi suna shakkar labarin, amma a kansa aka gina tseren farko a wasannin Olamfik na 1896, mai tsawon kusan kilomita 40. Ƙarin kilomita biyu da ƴan mitoci kuwa a Landan aka same shi, a Olamfik na 1908, da aka tsara hanyar daga fadar Windsor zuwa gaban rumfar gidan sarauta a filin wasa. A 1921 aka tsayar da wannan awo ya zama doka. Wato duk wanda ƙafarsa ta ƙi ɗaguwa a kilomita ta 41 yau, tsarin masu shirya bikin 1908 ne yake biya.

Gudun birnin Landan na kowa da kowa ya soma ne ranar 29 ga Maris 1981, bisa ƙoƙarin wasu tsofaffin ƴan tsere biyu, Chris Brasher da John Disley, waɗanda suka ga yadda ake yi a New York. Mutum 6,255 suka kammala a ranar. Biyun da ke gaba, Ba'amurke Dick Beardsley da ɗan Nowe Inge Simonsen, sun riƙe hannun juna suka tsallaka layi tare.

Samun gurbi

Wahalar farko ba a ƙafa take ba. Masu son shiga sun ninka guraben sau da yawa, don haka ƙuri'a ake yi. Mutum 840,318 ne suka nemi shiga gudun 2025, kuma mafi yawansu saƙon haƙuri suka samu. Akwai masu neman shekara biyar ko shida a jere ba su dace ba.

Hanya ta biyu ita ce ta ƙungiyoyin agaji. Ƙungiya tana sayen gurbi ta ba mutum bisa alkawarin zai tara mata kuɗi, galibi fam 2,000 ko fiye. Sai ya bi dangi da abokan aiki da maƙwabta da mutanen masallacinsu yana cewa zai yi gudu domin asibitin yara, ko masu ciwon daji, ko marayu, kowa ya ba da abin da ya sauƙaƙa. Ta wannan hanya an tara fam miliyan 73.5 a 2024 kaɗai, kuma jimillar abin da aka tara tun 1981 ta haura fam miliyan dubu tun a 2019. Ƙungiyoyin agajin Musulmin Ingila, irin su Islamic Relief wadda ke aiki a Nijar tun yunwar 2005, su ma suna tura nasu masu gudun. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ce wata rijiya da ake ɗiban ruwa a ƙauyen Sahel, wani ɓangare na kuɗinta daga gumin wani ya fito a titin Landan.

Da an sami gurbi sai horo, wanda yakan ɗauki wata huɗu. Da yake a ƙarshen Afrilu aka saba yin gudun, horon yana faɗawa cikin hunturun Ingila, lokacin da rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe takwas, ta kuma faɗi tun wajen ƙarfe huɗu. Mai aiki ba shi da zaɓi sai ya fita bayan sallar asuba cikin duhu da yayyafi, ko bayan isha'i. Kowane mako ana ƙara tsawon gudu ɗaya, har a kai kilomita 30 ko 32, sa'an nan a rage a makonni biyu ko uku na ƙarshe don jiki ya huta. Wannan yana cin lokacin iyali, kuma ban ga dalilin ɓoye haka ba: magidancin da ya fita awa uku kowace Lahadi ya dawo ya kwanta, wani ne ya ɗauki nauyin yaran a madadinsa, kuma ita ba za a rataya mata lamba ba.

Ranar gudu

Ana taruwa da sassafe a filayen Blackheath da Greenwich, unguwar nan da ake jingina wa agogon GMT. Kowa yana da lamba a ƙirji, da wata ƴar na'ura da ke ƙidaya lokacinsa daga sa'ar da ya taka layin farawa, domin ba a tashi gaba ɗaya. Ana sakin jama'a rukuni-rukuni, na baya yakan jira fiye da awa ɗaya. Ana zuba jakunkunan kaya a manyan motoci su riga masu su zuwa ƙarshen hanya. Mutane kan zo da tsohuwar rigar sanyi su yar da ita idan an tashi, a tattara a kai wa mabukata.

Kilomita goma na farko su ne masu yaudara. Jiki ya huta, ganguna na tashi, jama'a sun yi dafifi gefen hanya suna kiran sunan da mutum ya rubuta a rigarsa, sai ya ji kamar ba a taɓa yin mai ƙarfinsa ba. Kusan duk wanda ya taɓa yi yana ba sabon shiga shawara guda, wato ya danne kansa a nan, domin kowane minti da ya ci bashi a farko zai biya shi ninki a ƙarshe. A wajen kilomita ta 10 ana zagaya wani tsohon jirgin ruwa mai suna Cutty Sark, wanda ya yi jigilar ganyen shayi daga Sin a ƙarni na 19. Dab da rabin hanya sai a hau gadar Tower a tsallaka kogin Tems, kuma masu gudu da yawa suna cewa a nan ne hawaye ke zo musu saboda ƙarar jama'a. Amma da an sauka gadar, hanya ba ta nufi fada ba. Dama take juyawa, ta nufi gabas wajen dogayen benayen bankuna na Canary Wharf, kuma a ɗaya hannun titin mutum yana ganin waɗanda suka riga shi da kilomita goma sha wani abu suna komowa. Wannan gani yana karya zuciya fiye da yadda ake zato.

Sai kuma abin da masu gudu ke kira bango. Yakan zo tsakanin kilomita ta 30 da ta 35, kuma dalilinsa sananne ne. Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka, gwargwadon kalori 2,000, wanda ke isar matsakaicin mutum gudun kusan kilomita 30. Idan wannan ya ƙare sai jiki ya koma kan kitse. Kitse yana da yawa ko a jikin ramamme, sai dai kamar damin gero yake wanda ba a sussuka ba: akwai abinci a gidan, amma ba a ɗora shi a wuta yanzu-yanzu. Nan take ƙafa ta yi nauyi, cinya ta ɗaure, lissafi mai sauƙi ya gagara, wanda ke dariya ɗazu ya koma tafiya yana jan ƙafa. Ƙwaƙwalwa da kanta sukari take ci, shi ya sa baƙin tunani ke zuwa tare da gajiyar. Daga nan zuwa ƙarshe, kilomita goma ko sha biyu, ba sauran abin da ke ɗauke da mutum sai haƙuri da abin da ya tanada a watannin horo.

Don a jinkirta zuwan bango, ana shan wani abu mai zaƙi kamar zuma a ƴan ƙananan ledoji duk bayan minti talatin ko arba'in. Ƴan kallo kuma suna miƙo lemo da ayaba da alewa. A nan Musulmi yana bukatar lura, domin alewa mai danƙo da aka fi miƙowa sau da yawa ana haɗa ta da sinadarin da aka tatso daga fata da ƙashin dabba, har da alade, kuma a gaban mashaya wani yakan miƙo kofin da ba ruwa ne a ciki ba. Shi ya sa da yawa suke zuba dabino a aljihu, wanda yake biyan bukatar ba tare da kokwanto ba.

Ruwa ma yana da nasa haɗari, kuma ta fuskar da ɗan ƙasar zafi ba zai yi tsammani ba. Mun saba jin ƙishirwa ta yi kisa, amma a wannan gudu yawan shan ruwa ma yana kisa. Wanda ya yi awa huɗu ko biyar yana gumi, yana kuma kwankwaɗar ruwa a kowace tasha fiye da abin da ya fita, gishirin jininsa yakan tsinke, ƙwaƙwalwa ta kumbura. Wani bincike da aka yi a kan masu gudun Boston na 2002, aka buga shi a 2005, ya sami wannan matsala a jikin 13 cikin ɗari na mutum 488 da aka gwada. A Landan a 2007 wani saurayi ɗan shekara 22, mai koyar da motsa jiki, ya kammala gudun sa'an nan ya rasu ta wannan dalili. A 2018 kuma, ranar da zafi ya kai digiri 24, wanda shi ne mafi tsanani da aka gani a gudun har zuwa lokacin, wani ɗan shekara 29 ya faɗi saura kusan kilomita shida, bai tashi ba. Mu da muka san digiri 44 a watan Afrilu za mu yi murmushi da jin 24, amma jikin da ke gudu tanda ne da kansa. Mutuwa a wannan gudu ba ta da yawa idan aka dubi adadin masu shiga, amma tana faruwa, kuma wanda ya haura shekara arba'in, ko yake da hawan jini ko ciwon zuciya a danginsu, bai kamata ya soma horo ba sai likita ya duba shi.

Ƙananan wahalhalu kuwa ba a ƙidaya su: farcen ƙafa ya yi baƙi ya fita, riga ta goge ƙirji har jini ya fito, ciki ya murɗa a inda babu kewaye kusa. Ma'aikatan agaji suna tsaye gefen hanya da man shafawa a tafin hannu, mai wucewa ya lakata.

Ƙarshen hanya yana bin bakin kogi, ya wuce hasumiyar agogon majalisa, ya juya a gaban fadar Buckingham. A nan ne a 2017 aka ga wani mai gudu ƙafafunsa sun ƙi ɗaukarsa saura mita ɗari biyu ko uku, yana tangaɗi kamar zai kife. Wani da bai san shi ba, wanda yake kan hanyar samun kyakkyawan lokaci, ya tsaya ya rataya hannunsa a kafaɗa, suka taka a hankali har layi. A 1908 an yi irin wannan ga ɗan Italiya Dorando Pietri, wanda ya faɗi sau da dama a cikin filin wasa, alƙalai suka tallafe shi ya shiga na ɗaya, daga baya aka ƙwace nasarar saboda taimakon. Na 2017 ba wanda ya ƙwace masa komai, domin ba da kowa yake takara ba.

Ba kullum ake kyautata wa na baya ba. A 2019 waɗanda ke tafe a hankali, masu bukatar awa bakwai da wani abu, sun koka cewa an kwashe tashoshin ruwa kafin su iso, motocin shara sun taso su a gaba suna fesa ruwan wanke titi, wasu ma'aikata har da yi musu gori a kan ƙiba. Masu shirya gudun sun bincika, sun ba da haƙuri, sun kuma ba su gurbi kyauta a gudu na gaba. A ganina waɗannan na baya sun fi kowa shan wuya, domin gwani yana gamawa cikin awa biyu da ƴan mintoci ya je ya yi wanka, su kuwa suna kan ƙafa tun safe har rana ta karkata.

Azumi da gudu

Ranar 23 ga Afrilu 2023, kwana biyu bayan ƙaramar salla, wata Musulma mai suna Sifan Hassan ta tsaya a layin farawa a Landan. An haife ta a Habasha a 1993, ta isa ƙasar Holan a matsayin ƴar gudun hijira tana da shekara 15, ta kuma ci zinare biyu a Olamfik na Tokyo a tseren mita 5,000 da 10,000. Amma ba ta taɓa yin fanfalaki ba. Makonnin ƙarshe na horonta sun faɗa cikin Ramadan, ta yi su tana azumi, don haka ba ta samu ta saba da shan ruwa cikin gudu ba kamar yadda ake bukata. Ta faɗa daga baya cewa da safen ranar har kuka ta yi don tsoro, tana tuhumar kanta a kan abin da ya kai ta.

Kafin rabin hanya ƙugunta ya riƙe. Ta tsaya ta miƙe ƙafa, ta ci gaba, ta sake tsayawa, har na gaba suka ba ta ratar kusan rabin minti, masu sharhi suka fara cewa gara ta haƙura. Sannu a hankali ta kamo su. Kusa da ƙarshe ta ratsa titi don ɗaukar gorar ruwa, saura kaɗan babur ɗin masu rakiya ya banke ta, ta sha ta kuma miƙa wa abokiyar takararta. A mitocin ƙarshe ta wuce Alemu Megertu ta Habasha da Peres Jepchirchir ta Kenya, ta ci gudun cikin awa 2 da minti 18 da daƙiƙa 33. A wannan rana ce Mo Farah, Musulmi ɗan asalin Somaliya da ya ci wa Birtaniya zinare huɗu a Olamfik, ya yi fanfalakinsa na ƙarshe yana da shekara 40, ya zo na tara. Wanda ya ci na maza, Kelvin Kiptum na Kenya, ya gama cikin awa 2 da minti 1 da daƙiƙa 25, wato kowace kilomita ƙasa da minti uku. Bai cika shekara ba bayan haka ya rasu a haɗarin mota a ƙasarsu, ranar 11 ga Fabrairu 2024, yana da shekara 24.

Labarin Sifan Hassan yana da daɗin ji, amma kada matashi ya ɗauke shi hujja ba tare da lura ba. Horo ta yi cikin azumi, gudun kansa bayan salla ya zo. Waɗanda suka shiga gudun Paris a 2022 da 2023 da 2024 kuwa, ranar gudun ce da kanta ta faɗa cikin Ramadan, kuma a nan mas'alar take da nauyi. Wanda yake zaune a garin, lafiyayye, wasa ba uzuri ba ne gare shi na shan azumi. In kuma ya ce zai yi gudun da azumi a bakinsa, to ya jefa kansa cikin haɗarin da ba wanda ya ɗora masa, domin zai gama da tsakar rana, ya jira awa shida ko bakwai kafin ya sa ruwa a baki. Idan ya kai ga tsoron halaka wajibi ne ya sha ya rama, amma mai hankali ba ya gina shirinsa a kan haka.

Wanda ya zo daga nesa yana da rangwamen matafiyi da Alƙur'ani ya ambata a cikin surar Baƙara, sai dai a mazhabar Imam Malik da muke bi akwai sharuɗɗa. Tafiyar ta kai nisan ƙasaru, kimanin kilomita 80. Kada ya yi niyyar zaman kwana huɗu a garin, in ya yi ya zama mazauni. Kuma ya kwana da niyyar ba zai yi azumi ba, domin a mashhurin mazhaba matafiyin da ya ɗauki azumi sa'an nan ya karya da rana ba tare da lalura ba, kaffara ta hau kansa. Bayan wannan, malamanmu ba su so a yi amfani da rangwame a tafiyar da wasa ne zalla manufarta. Ko tafiyar wanda gudu ne sana'arsa, ko wanda ya ɗauki alkawarin tara wa marayu kuɗi, ta fita daga wannan, abu ne da zai kai wa malaminsa da bayanin halinsa. Ni dai abin da na fi natsuwa da shi ga wanda ba sana'arsa ba ce, ya bar wannan shekara ya nemi wata. Ramadan yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, kuma tun 2025 ya bar watan Afrilu.

Salla ta fi sauƙin warwarewa. A ƙarshen Afrilu azahar tana shiga a Landan wajen ƙarfe ɗaya, la'asar wajen biyar. Wanda ya tashi ƙarfe goma da rabi ya yi awa huɗu da rabi, zai iske lokacin azahar da saura. Mai tafiyar awa shida ko bakwai shi ne zai yi lissafi tun kafin ranar: in matafiyi ne ya san hukuncinsa, in mazauni ne ya ratse gefe ya ba da farali. Na'urar ƙirji za ta ci gaba da ƙidaya, ya yi hasarar minti biyar a cikin awa bakwai, kuma babu mai tambayarsa su.

Shi kansa tseren ƙafa ba baƙo ba ne a addini. Ya tabbata a cikin littafin Abu Dawuda cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya yi tsere da Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta wuce shi, bayan wasu shekaru suka sake ya wuce ta. An kuma san sahabi Salamatu ɗan Akwa'u da gudun da ba a cim masa. Malaman Malikiyya sun halatta tseren ƙafa, amma sun taƙaita sa lada ga tseren dawaki da raƙuma da harbi, yayin da wasu malaman suka faɗaɗa, musamman idan kyautar daga hannun wani na uku ta fito. Wannan saɓani ya shafi gwanaye ne. Talakan mai gudu babu abin da yake samu sai riga da lambar da ake ba duk wanda ya iso. Abin da ya fi kusa da shi shi ne gyaran niyya, domin sadakar da aka tara da shela da hoto tana bukatar tsaron zuciya fiye da wadda aka miƙa a ɓoye.

Kafin mu yi wa masu gudu dariya kuma, mu dubi kanmu. Kakanninmu fatake sun taka zuwa Gwanja sun komo da goro, alhazan farko sun ratsa Chadi da Sudan da ƙafa shekara da shekaru. Jikokinsu a Yamai da Maraɗi suna hawan kabu-kabu zuwa masallacin da ake jin kiran sallarsa daga tsakar gida, ga shayi mai sukari sau uku a yini, ga ciwon suga da hawan jini sun shiga kusan kowane dangi. Hukumar lafiya ta duniya minti 150 na motsa jiki kawai take nema ga baligi a mako, wanda tafiya mai sauri ta rabin awa a kwana biyar ta biya. Ba sai an je Landan ba, ba kuma sai an yi kilomita 42 ba.

Saura maganar sutura, wadda ita ce ta fi damun iyaye, kuma da gaskiyarsu. Kayan da gwanaye ke sawa ba su cika sharaɗin rufe al'aura ba, ga maza balle mata. Amma dokar gudun Landan ba ta tilasta wa kowa su ba. A hanyar da ake ganin mai gudu cikin shigar karkanda ko ɗauke da firji a baya don tara sadaka, ba mai kallon dogon wando ko ɗankwali. Maza suna sa wando mai wuce gwiwa, mata Musulmi suna gudu da riga mai dogon hannu da lulluɓi na yadi marar nauyi mai fitar da gumi, kuma tun 2017 manyan kamfanonin kayan wasa irin su Nike suka shiga ɗinka shi. Cakuɗar maza da mata a hanya tana nan, wannan kuwa kowane gida zai auna shi da malaminsa da halin ƴarsa.

Sifan Hassan da kanta da kayan gwanaye take tsere, kanta a buɗe. Ranar 11 ga Agusta 2024 ta ci fanfalakin Olamfik a Paris cikin awa 2 da minti 22 da daƙiƙa 55, bayan ta riga ta ci tagulla a mita 5,000 da 10,000 a kwanakin da suka gabata, abin da ba wanda ya haɗa a wasanni guda tun Emil Zatopek a 1952. A wannan gasa Faransa ta hana ƴan wasanta mata sa lulluɓi. Da dare, a bikin rufe wasannin a babban filin Stade de France, aka kira ta karɓar zinarenta a gaban duniya, ta hau dandamali da hijabi a kanta.